Bambancin fenomena da numena a wurin Kant

Ɗan'uwa, ka ce fenomena da numena sun rikice maka, kana son sanin inda suka rabu. Fenomena shi ne abu yadda ya bayyana gare ka: launinsa, nauyinsa, inda yake da lokacin da ka gan shi. Numena kuwa shi ne abin a karan kansa, ba tare da ido ko hankalin kowa ya shiga tsakani ba. Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya yi bayaninsu a littafinsa na 1781, ya ce na farkon kaɗai ɗan Adam ke iya sani.

Inda na ga ɗalibai a nan Katsina na yawan tuntuɓe shi ne ɗaukar su zahiri da baɗini. Sam ba haka ba ne. A ce ka kankaro ɗan laka daga jikin Hasumiyar Gobarau (misali ne, kada ka gwada), ka duba shi da madubin ɗakin gwaji. Har yanzu fenomena kake kallo, domin hankalinka ne ke tsara shi cikin wuri da lokaci. Baɗini idan ka tona za ka iske shi, amma a ra'ayin Kant babu na'urar da za ta kai ka ga numena.