Me ya sa matar Bennet ta matsu ta aurar da 'ya'yanta?

Tambaya: Malam, ina karanta littafin Pride and Prejudice na Jane Austen, wani abu ya ɗaure mini kai. Mista Bennet yana da gida da gonaki da 'ya'ya mata biyar, amma kullum kukan matarsa shi ne ranar da ya mutu za a kore su. Wai mata ba sa cin gado ne a Ingila ta wancan zamani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Suna ci, 'yar'uwa. A littafin ma akwai 'yar wata attajira, Lady Catherine, wadda ita za ta gaji katafaren gidan Rosings. Matsalar Longbourn, gidan su Bennet, daban take. An ɗaura wa gidan sharaɗi a rubuce cewa ba mai gadonsa sai namiji a cikin dangi, kamar yadda masu ƙasa kan yi don kada dukiya ta tarwatse. Da Bennet ya haifi ɗa namiji, da sun haɗu sun warware sharaɗin idan yaron ya kai munzali. Allah bai ba shi ba. Sai gidan da ke kawo fam 2,000 a shekara ya zauna jiran wani ɗan'uwa na nesa, Mista Collins. Dole abin ya yi miki banbarakwai, tunda a wajenmu 'ya'ya mata biyu ko fiye, in babu namiji, kashi biyu bisa uku nasu ne, uwarsu kuma ga tumuninta.

Yanzu ki duba lissafin. Fam 5,000 kacal aka ware wa uwar da 'ya'yanta. Collins, da yake ba ya tauna magana, ya faɗa wa Elizabeth, 'yar Bennet ta biyu, ido da ido sa'ad da yake neman aurenta cewa rabonta fam 1,000 ne, shi ma sai bayan ran mahaifiyarta, wanda ribarsa ba ta wuce fam 40 a shekara ba. 'Yar gidan mutunci kuwa ba ta da wata sana'a sai ta je gidan masu kuɗi tana koyar da 'ya'yansu. To ina mafita in ba aure ba? Auren ma ba 'yanci ba ne, domin abin hannun mace yakan koma ƙarƙashin ikon miji, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara hakan, alhali littafin ya fito tun 1813.

Shi ya sa ba na cikin masu yi wa matar Bennet dariya kawai. Tana da surutu da rashin kamun kai, gaskiya ne, amma ita kaɗai ke kwana da tunanin gobe. Maigidan da masu karatu ke so saboda iya ba'a, shi ne ya shekara fiye da ashirin bai ajiye ko kwabo ba, ya shige ɗakin littattafansa ya rufo ƙofa. Sai da autarsa Lydia ta gudu da wani soja mai suna Wickham, mutuncin yayyenta ya kusa zubewa gaba ɗaya, sannan ya yi da-na-sani.

Da wannan idon za ki fahimci Charlotte Lucas, ƙawar Elizabeth mai shekara 27, da ta karɓi Collins ba don so ba sai don ta samu ɗakin kanta. Za ki kuma ga girman kasadar Elizabeth da ta ƙi shi, ta kuma ƙi Darcy mai fam 10,000 a shekara a karon farko.

Austen ta san zafin abin. A Disambar 1802 ta amsa tayin auren wani magajin babban gida, gari na wayewa ta janye. Mahaifinta ya rasu a 1805, ita da mahaifiyarta da yayarta Cassandra suka dogara ga 'yan'uwanta maza, har yayanta Edward ya ba su ƙaramin gida a Chawton a 1809. A can ta gyara littafin nan, ta sayar da shi fam 110, aka buga babu sunanta a jiki.