Fatar ƙafa ta warke, farce ya ƙi jin magani

Tambaya: Likita barka da aiki. Ƙaiƙayi da saɓewar fata sun dame ni a tsakanin yatsun ƙafa, na shafa clotrimazole suka tafi. Amma farcen babban yatsana ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa tun daga tushe, yana marmashewa. Wata biyu ke nan ina shafa masa man, ko gezau. In ƙara yawansa ne?

Amsa: Malam, ko duka ka juye masa ba zai ji ba. Ƙwayar fungas ɗin da ta ci fatarka, mai yiwuwa ita ce ta shiga farcen. A fata tana sama-sama inda mai ke iske ta, shi ya sa clotrimazole ko miconazole ke gamawa da ita cikin mako 2 zuwa 4. A farce kuwa ƙarƙashi take shigewa, kuma man shafawa ba ya ratsa taurin farce.

Akwai na farce musamman, mai ruwa-ruwa da ake shafawa kamar jan farce: amorolfine sau 1 ko 2 a mako, ciclopirox kuma kullum. Ana fara goge saman farcen ya yi siriri don maganin ya samu hanya. Sai dai sun fi aiki idan cutar tana bakin farce, ba ta wuce rabinsa ba. Kuma sai an yi haƙuri, domin wurin da ya lalace ba ya gyaruwa, sabo ne ke tsirowa ya ture shi. Farcen ƙafa bai fi milimita 1 zuwa 2 yake ƙaruwa a wata ba, don haka wata 9 zuwa 12 ake magana. Wasu masu cewa maganin bai yi ba, tun kafin lokacin ya cika suka gaji.

Naka da ya kai tushe, na fi ganin sai maganin sha, galibi terbinafine na mako 12. Kada ka saya da kanka. Bari likita ya kankari farcen a gwada, don matsin takalmi kaɗai kan sa farce ya yi haka, sannan maganin yana iya taɓa hanta.

Ka guji man da aka haɗa da betamethasone ko clobetasol: ƙaiƙayi zai lafa, cutar kuma ta bazu. Ka riƙa tsane tsakanin yatsu bayan wanka, ka canza safa kullum. In kana da ciwon suga, kada ka yi ta yankan farcen a gida, je asibiti.