Laburaren Karo-Karo na Filadelfiya: Yadda Aka Kafa Shi da Yadda Ya Yi Aiki

Tambaya: Malam, na ji an ce laburaren farko da talakawa suka riƙa aron littafi a Amurka ba gwamnati ce ta kafa shi ba, mutane ne suka haɗa kuɗi. Shin gaskiya ne? Kuma ta yaya suka tafiyar da shi har bai ruguje ba?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Wanda kake nufi shi ne Library Company na birnin Filadelfiya, wanda aka rubuta yarjejeniyar kafa shi ranar 1 ga Yuli, 1731, Amurka tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Jagoran aikin shi ne Benjamin Franklin, mai sana'ar ɗab'i, yana ɗan shekara 25.

Kafin nan sai da suka gwada wata hanya ta gaza, kuma gazawar ce ta koya musu tsari. Franklin da abokansa masu sana'ar hannu suna da wata ƙungiyar tattaunawa mai suna Junto tun 1727. Sai suka ce kowa ya kawo littattafansa a tara a ɗakin da suke taro. Bayan kamar shekara guda kowa ya kwashe nasa, domin ba a kula da su yadda ya kamata. Littafin na mutum ɗaya ne, masu ɗauka da yawa, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin tsaro.

Sabon tsarin ya mayar da littattafan mallakar kamfani. Mutum 50 suka sa hannu, kowa ya biya sule 40 na shiga, wato fam biyu, ya kuma ɗauki alkawarin sule 10 duk shekara har shekara 50. Ka lissafa: fam 100 ke nan na sayayyar farko, da fam 25 da ke shigowa kowace shekara don ƙaro sababbi. A ganina wannan sule goman ya fi kuɗin shigar muhimmanci, domin laburaren da ba ya samun sabon littafi, masu karatu sukan gama abin da ke ciki su daina zuwa. Kada ka ɗauke shi kamar adashi, inda kuɗin ke komawa hannun mutum ɗaya idan kwasarsa ta zo. A nan kuɗin ya zama kaya ne na kowa, kuma hannun jarin da mutum ya mallaka ana iya sayar da shi ko a gada.

Littattafan daga Landan aka yi odarsu a 1732, saboda ba a samun irinsu a kasuwar garin. James Logan, wanda ya fi kowa sanin littafi a yankin, ya taimaka wajen zaɓe, wani ɗan kasuwar Landan kuma, Peter Collinson, ya riƙa saye yana aikowa shekaru da dama. Zaɓen nasu ya bambanta da na kwalejojin zamanin, inda littattafan addini da na harshen Latin suka fi yawa. Su sun fi sayen tarihi, labarin ƙasa, kimiyya da adabi cikin Turanci, abin da kafinta ko mai kanti zai iya karantawa. Jerin da Franklin ya buga a 1741 ya ƙunshi littattafai 375.

Batun ɓacewar littafi kuwa, an ɗaure shi da takarda. Akwai ma'aikaci mai lura, na farkonsu Louis Timothée. Mai aro yakan sa hannu cewa zai biya ninkin kuɗin littafin idan bai dawo da shi ba. Wanda ba mamba ba ma yana iya aro, amma sai ya ajiye jingina. Nan ne iyakar tsarin take: wanda ba shi da abin jingina ba ya fita da littafi.

A 1740 masu laburaren suka koma ginin majalisar Pennsylvania, yankin da Filadelfiya take, a 1773 suka koma ginin Carpenters' Hall, inda wakilan yankunan Amurka suka yi babban taronsu na 1774 suka kuma yi amfani da littattafan. Haka ma masu rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787. Kamfanin ya shiga ginin kansa a 1791, kuma 'yan majalisar ƙasa sun dogara da littattafansa har aka mayar da babban birni daga Filadelfiya zuwa Washington a 1800. Wasu garuruwa sun bi sahu: Newport a 1747, Charleston a 1748, New York a 1754.

Abin da ya rage wa irin waɗannan kamfanoni kasuwa shi ne laburaren kyauta da ake ɗaukar nauyinsa da haraji, kamar na Boston da aka buɗe a 1854. Na Filadelfiya bai rufe ba. Yana nan a titin Locust, ya zama cibiyar bincike mai adana tsofaffin littattafai da takardun tarihin Amurka, kuma har yau yana da masu hannun jari.