Ƙwayar ta mutu, me ake nema kuma?

Tambaya: Likita, an gano ƙwayar H. pylori a tumbin mahaifina bayan ya yi shekaru yana fama da olsa. Ya sha magani na mako biyu, gwaji ya nuna ta mutu. Amma likitansa ya ce bangon tumbin ya sirance, sai ya riƙa dawowa ana zura kyamara ana dubawa. Ba wahalar da tsoho ba ne kawai? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ina goyon bayan likitansa.

Kin san bangon madafi: a kashe wutar yau, baƙin hayaƙin shekaru yana nan. Haka tumbi yake. Kumburin da ƙwayar nan ke haddasawa shekara da shekaru yana sa wani ɗan sinadari, metil, ya liƙe a kan DNA, wato rubutun halitta, na ƙwayoyin bangon tumbi. Rubutun halittar bai canja ba, an dai garƙame masa kwaɗo ne, ba ya karantuwa.

Cikin abin da ake garƙamewa har da wuraren da ke samar da maikro-RNA. Waɗannan ƙananan zarurruka ne, haruffa kusan 22 kacal, aikinsu taka wa wasu ƙwayoyin gado birki. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano su a jikin wata 'yar tsutsa a 1993, aka ba su kyautar Nobel a 2024. Biyu daga cikin maikro-RNA ɗin, miR-124a da miR-34b/c, suna hana ƙwayar jiki rarrabuwa ba ƙaƙƙautawa. In aka rufe musu baki, birki ya tsinke, hanyar ciwon daji ta buɗe.

Masu bincike a Japan, inda dajin tumbi ya yi yawa, sun nuna cewa bayan kashe ƙwayar metil ɗin yana raguwa, amma ba ya gogewa duka. Sun kuma ga cewa cikin waɗanda aka cire wa dajin farko, masu yawan metil a kan miR-124a sun fi fuskantar sabon daji. Shi ya sa ake ci gaba da dubawa da kyamara ko bayan ƙwayar ta mutu.

Maganin da Baba ya sha ya rage haɗarin sosai, kuma yawancin masu ƙwayar ba sa kamuwa da daji. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanenmu da ke sayen omeprazole, maganin olsa, a kemis shekara biyar, sai sun fara rama da baƙin kashi a kawo su. Ku kai Baba asibiti ranar da aka ba shi, a rage masa gishiri da bandar nama, in yana shan taba ya bari. In ya fara ƙoshi daga loma uku ko amai da jini, kada ku jira ranar.