Hukuncin Ƙarin Kuɗi a Kan Farashin Kamfani, da Alkawarin da Aka Yi wa Mai Jiran Mota

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aikin sayar da motoci a wani kamfanin dillanci a jihar Texas ta Amurka. Mun samu Corvette Z06 guda ɗaya cikin kasonmu. Farashin da ke takardar gilashinta dala dubu 125 ne, manajanmu ya manna wata takarda a gefe ya ƙara dala dubu 25, ya ce kasuwa ce ta kai. La'adata kashi 25 cikin 100 ce na ribar ciniki. Wani ɗan'uwa a masallacinmu ya ce wannan ƙarin haramun ne, ɓoye kaya ne da zalunci, kuma duk abin da na ci daga ciki wuta ce. Motar dai wani mutum ne ya ajiye mata kafin alƙalami na dala dubu 5 wata 14 da suka wuce, ni na karɓa, na kuma tura masa saƙo cewa a farashin kamfani zai ɗauka. Saboda haka ya janye sunansa daga layin wani dila. Yanzu manaja ya ce ko ya biya ƙarin ko a mayar masa da kuɗinsa, akwai wani a shirye. Mutumin ba Musulmi ba ne. La'adata halal ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya alhali dala 6,250 na jiranka daga ƙarin kaɗai. Ka gina tambayarka a kan ƙarin kuɗi, amma hukuncin yana rataye ne a kan saƙon da ka tura wa mutumin nan, wanda ka ambata can ƙarshe. Ƙarin a kan kansa halal ne. Ɗora shi a kan wannan mutumin bayan abin da ka rubuta masa, shi ne bai halatta ba.

Bari mu fara kawar da maganar ɗan'uwan masallaci, domin na ga ta zauna maka a rai, kuma mutane da yawa masu kyakkyawar niyya suna faɗin ta.

Takardar da ke manne a gilashin sabuwar mota a Amurka doka ce ta wajabta ta tun 1958, dokar da Sanata Mike Monroney na Oklahoma ya kawo. Abin da ta wajabta shi ne a bayyana farashin da mai ƙera motar ya ba da shawara, da kayan da aka ƙara mata, da kuɗin jigila. Ba ta ce dole a sayar a kan wannan adadin ba. Dila ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, ya sayi motar daga kamfani, ta shiga mallakarsa, hasararta a wuyansa take. Ƙayyade farashin da malamai suka yi magana a kai aikin hukuma ne, ita ma da sharuɗɗa, ga waɗanda suka halatta shi. Shawarar kamfani ba ta hau wannan matsayin ba. Ka kuma san da kanka, motar da ta yi wata shida a fili ba mai taya ta, kuna sakin ta ƙasa da wannan takardar, ba wanda ya taɓa cewa mai sayen ya ci haram. Adadin da ake sauka ƙasa da shi ba laifi, hawa samansa ma ba laifi, muddin an yi shi a fili.

Sai batun ɓoye kaya. A nan ɗan'uwanka yana da abin kamawa, kada a raina shi. Shafi'iyya da Hanabila sun taƙaita haramcin ga abinci, amma Imamu Malik ya faɗaɗa shi ga duk abin da riƙe shi ke cutar da mutanen kasuwa, har ulu da makamantansa, Abu Yusuf ma a kan haka yake. Wannan faɗin shi ne ya fi dacewa da zamaninmu. Sai dai illar hukuncin ita ce cutar da jama'a. Ka tuna gidajen mai a Najeriya kafin cire tallafi a 2023, lokacin da gwamnati ke yanke farashi: mai gidan mai ya rufe famfo da rana ya ce babu, da dare ya juye wa 'yan bumburutu, mai keke-napep ya kwana a layi, marar lafiya ya rasa motar asibiti. A nan an haɗa kayan buƙata, da farashin hukuma, da ɓoyewa, da cuta ga kowa. Wanne daga cikin huɗun nan ke cikin motarku? Mota ce mai kujeru biyu, injinta lita 5.5 mai ƙarfin doki 670, ba ta ɗaukar iyali ba ta ɗaukar kaya. Wanda ya rasa ta bai rasa abinci ko hanyar zuwa aiki ba. Ba ku kuma bi kasuwa kun tattare motocin don ku haddasa ƙaranci ba. Masana'anta ɗaya ce ke harhaɗa Corvette, a Bowling Green ta jihar Kentucky, tana raba wa dilolinta kaso ƙidayayye, masu so sun fi abin da ke fitowa yawa. Ga ta nan a ɗakin nuni da farashinta a jiki, ba a ɓoye ta ba.

Wasu kuma sukan ce riba ba ta wuce sulusi. Wannan iyakar ba ta da nassi. Urwatul Bariƙi ya sayi tumaki biyu da dinari ɗaya ya sayar da ɗaya a dinari, Annabi (SAW) ya yi masa addu'ar albarka. Zubair ɗan Awwam ya sayi filin Gaba da ke kusa da Madina a dubu 170, ɗansa Abdullahi ya sayar da shi a miliyan 1 da dubu 600. Sulusin da wasu Malikawa suka ambata yana babin wanda aka yi wa rinto ne saboda bai san kasuwa ba, ko yana da damar mayar da kaya, kuma mashhurin mazhaba shi ne ba ya mayarwa sai in ya miƙa wuya ga mai sayarwa ya ce masa ban san farashi ba, sayar mini yadda kake sayar wa mutane. Mai sayen irin wannan motar yana tsaye yana karanta adadi biyu a gilashi ɗaya, na kamfani da na dila, ya kuma bincika farashin jihohi goma a wayarsa kafin ya shigo. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa babu wani kaso ƙayyadadde ga ribar ɗan kasuwa. Ko da ma za a bi sulusin, dubu 25 a kan dubu 125 ɗaya bisa biyar ne.

Akwai kuma abin da mai wannan ra'ayin bai duba ba. In dila ya sayar a farashin takarda alhali kasuwa ta fi haka, bambancin ba ya ɓacewa, yana komawa aljihun wanda zai karɓi motar yau ya sa ta a kasuwa gobe. Shi ya sa a 2022 General Motors, mai ƙera Corvette, ta sanar cewa garantin wasu motocinta, har da Z06, ba zai bi motar ba in mai ita na farko ya yi saurin sayar da ita. Kamfanin ya kuma gargaɗi dilolinsa a wannan shekarar cewa zai iya karkatar da kason wanda ya saɓa yarjejeniya. Wannan ya kawo togaciya ɗaya: in yarjejeniyar kamfaninku da masu ƙera motar ta hana wani abu ƙarara, to Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Kada kuma ka ɗauki fatawar nan ka shimfiɗa ta a kan motar ɗaukar kaya da magini ke nema ya ci abinci da ita a lokacin ƙaranci, irin wanda aka gani a 2021 da 2022; wannan ta fi kusa da buƙata, tana da nata nazarin.

Yanzu ga naka al'amarin. Abin da ya gudana tsakaninka da mutumin nan wata 14 da suka wuce bai zama ciniki ba tukuna, domin motar ba a ƙera ta ba, ba ta hannunku. Alkawari ne. Da alkawari ne tsura, da sai mu ce saɓa shi abin zargi ne, mu tsaya nan. Amma ka ce saboda saƙonka ya fita daga layin wani dila. Wannan ita ce jumlar da ta canza hukunci. Mashhurin Malikiyya shi ne alkawarin da aka rataya ga wani sababi, wanda aka yi wa kuma ya shiga cikin sababin, ya zama wajibi har alƙali yana tilasta cika shi. Majalisar Fiƙihun da na ambata ta ɗauki wannan a zama ɗaya da wancan, ta ce ko a cika ko a biya cutarwar da ta auku. Mutumin ya bar gurbinsa, gurbin da ba zai dawo ba, kuɗinsa sun zauna a asusunku fiye da shekara. Mayar masa da dubu 5 wajibi ne ba saɓani tunda ku ne kuka janye, amma bai goge abin da ya rasa ba.

Cewa ba Musulmi ba ne bai rage komai ba. Cika alkawari bai san wannan bambancin ba, kuma jumhur sun sanya wanda ba Musulmi ba cikin hanin yin tayi a kan tayin wani bayan an riga an daidaita. Na lura ka ajiye wannan maganar a ƙarshen tambayarka kamar mai neman ƙofa. Babu ƙofa a nan, ɗana. Wataƙila ma kai kaɗai ne Musulmin da ya taɓa yin hulɗar kuɗi da shi a rayuwarsa.

Abu ɗaya ba ka bayyana ba: da izinin wa ka tura saƙon? In manaja ya sani, ko kuwa al'adar wurinku ce mai sayarwa ya faɗi farashi a kama shi da ita, to kai wakili ne, alkawarin yana kan kamfaninku, zunubin saɓawa yana kan wanda ya saɓa. In kuwa da bakinka kawai ka yi don ka kama ciniki, kana sane cewa ba ka da wannan ikon, to ka ruɗe shi, nauyin ya dawo kanka, sai tuba da neman yafewarsa da gyara abin da za ka iya.

Ko ta wane hali, ka buga saƙon a takarda da kwanan watansa, ka haɗa da rasit ɗin kafin alƙalami, ka kai wa manaja, in ya ƙi ka kai wa na samansa. Ka yi musu magana da harshen da suke ji: rubutaccen alkawari ne, mutumin yana iya kai ƙara, kuma labarin zai iya isa ga masu raba kaso. In suka cika, ka karɓi la'adarka a kan ribar da ke cikin farashin takarda, halal ce tsarkakakkiya. In suka dage, ka kira mutumin da kanka ka faɗa masa gaskiya. Kada ka ce masa kamfanin ƙera ya soke odarsa, kada ka ce motar ba ta iso ba. Ka tabbatar kuɗinsa sun koma cif ba jinkiri, sannan ka zare hannunka daga ciniki na biyu, wani ya yi. In ya matsu ya biya ƙarin don kada ya rasa motar, ko aka zuba maka kason a albashi ba ka nema ba, abin da na fi natsuwa da shi shi ne kada ka ci abin da ya fito daga dubu 25 ɗin nan, kuma shi ne ya fi kowa cancantar a mayar masa.

Ba ka tambayi waɗannan ba, amma suna kewaye da teburinka kullum. Manaja ya ce akwai wani a shirye. In da gaske akwai, faɗin haka ba laifi. In babu, to ka san mutum ukun da Allah ba zai yi musu magana ranar ƙiyama ba, cikinsu akwai wanda ya rantse cewa an taya kayansa fiye da abin da aka taya, yana ƙarya. Wannan jumlar ita ce ta fi saurin fita daga bakin mai sayar da mota da ake rububi, ka tsare harshenka daga gare ta. Haka kuma ƙarin da ake sakayawa. Dila da ya rubuta dubu 25 ƙarin kasuwa a fili ya fi tsafta a shari'a a kan wanda ya rarraba ta zuwa iskar nitirojin a taya, da zanen lamba a gilashi, da man kare fenti na dubbai. In an yi aikin da gaske an kuma bayyana kuɗinsa, ciniki ne. In ba a shafa komai ba, ko aka ce wa mai saye doka ce ko umarnin kamfanin ƙera ne alhali ba haka ba, ha'inci ne. Tallata mota a intanet a farashin takarda, mutum ya tuƙo awa biyar sannan a nuna masa ƙarin a teburin sa hannu, shi ma haka.

Ofishin bashi kuwa ka nisance shi iyakar iyawarka. A nan ake ɗora wa mai saye ruwa sama da wanda banki ya yarda da shi, dila ya ci bambancin. La'adar sayar da mota daban, kason kuɗin ruwa daban. Na biyun riba ce irin wadda shari'a ta haramta, kuma ka san hukuncin mai rubuta ta da mai shaida. In ka ga matashi yana shirin cusa ƙarin nan cikin bashin shekara shida ko bakwai, ka faɗa masa cewa ranar da ƙarancin ya wuce ƙarin zai narke, bashin kuwa yana nan, sai ya wayi gari ana bin sa fiye da darajar motar.

Daga yau kada ka sake karɓar kafin alƙalami da saƙon waya. A rubuta a takardar oda cewa farashi shi ne na takardar gilashin motar ranar da ta iso, domin kamfani kan ƙara nasa farashin tsakanin oda da ƙerawa, ba ƙarin dila, ba kayan dole. A rubuta lambar mutum a layi da sharaɗin mayar da kuɗi. Manaja ya sa hannu, ba kai kaɗai ba. In ya ƙi sa hannu, ka faɗa wa mai saye tun ranar cewa kuɗinsa gurbi kawai suka kama masa, farashi sai mota ta zo.

Wallahu a'alam.