Baƙinka da daren Kano: amsar Baffanka

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso. Ka ce abokan aikinka za su zo daga Legas da Fatakwal, har da wata baiwar Allah 'yar ƙasar Kenya, za su yi mako guda, kuma tun kafin su taso sun ce ka nemo musu inda ake zama da dare a sha giya, makaɗa suna kiɗa a gaban mutane. Kai kuma da yake a Legas ka tashi, ba ka daɗe da dawowa gida ba, kana tambaya mene ne al'ada: ka raka su, ko ka ƙi? In ka ƙi, ina za ka kai su don kada su koma su ce Kano ba ta da komai sai rana da cunkoso? Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka taka.

Bari in fara da giyar, don ita ce ta fi damunka. Kada ka yi musu ƙarya. Akwai mashaya a Kano, galibinsu a Sabon Gari, unguwar da Turawa suka keɓe wa baƙi 'yan kudu bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911. Tun wancan lokacin birni daban, waje daban, kuma ko a zamanin En'e ba a yarda da giya a cikin ganuwa ba. Sai aka ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, kuma kai ma ka sha gani a labarai ana kama motocin giya ana farfasa kwalabe a bainar jama'a. Ka faɗa musu wannan yadda yake, tun ranar da suka sauka. Su ba yara ba ne, in wani cikinsu ya ga dama ya je Sabon Gari da ƙafarsa, akwai 'yan garinsu a can da suka fi ka sanin hanya. Amma kai ba za ka zauna a teburin ba, ko da lemo za ka sha. Addininka ya hana, wannan ka sani. Abin da wataƙila ba ka sani ba shi ne yadda garin nan yake riƙe magana. Duk girmansa, idan aka gan ka a ƙofar mashaya ranar Talata, kafin Juma'a an faɗa wa surukinka, kuma ba za a ce "an ga wane" ba, za a ce "an ga jikan gidan wane". Ranar da ƙanwarka za ta yi aure, masu bincike za su tono shi.

Sai dai kada ƙin ya zama wulaƙanci. Ban yarda ka ɗaure musu fuska ko ka tsaya yi musu wa'azi ba. Baƙonka annabinka, haka muka ji daga iyayenmu, kuma ba su ce sai baƙon da ya yi kama da kai ba. Ka ce musu cikin fara'a: "Wannan ba na zuwa, amma ku ba ni darenku, zan nuna muku abin da ba za ku gani a Legas ba." Sannan ka cika alkawari, don a nan nauyin yake.

Abin da nake so ka gane game da kiɗa a garin nan shi ne, a wurinmu ba a cika gina ɗaki a ce nan ne gidan kiɗa, kowa ya biya ya shiga ba. Kiɗa yana da mai shi, yana da dalili. Sarauta na da nata: tambari, kakaki, algaita, farai, kotso, taushi. Mahauta na da kalangu. Maharba da 'yan tauri da maƙera da manoma kowa da nasa take. Mata na da ƙwarya da shantu. Saboda haka mai neman kiɗa a Kano ba wuri yake tambaya ba, sha'ani yake tambaya: yau bikin wa ake yi, naɗin wa, wasan me? Wanda bai san haka ba sai ya kwana bakwai a otal a Nasarawa ya tafi yana cewa garin shiru ne.

Ka fara kai su dambe. Ka tambayi kowane ɗan A Daidaita Sahu inda ake yi a wannan lokacin, an daɗe ana yi a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, bayan La'asar zuwa faɗuwar rana. Ku je da wuri ku sami benci kusa da makaɗa. Ka sa su lura da mai kalangu: yana matse tsarkiyar a hammatarsa yana sassautawa, gangar tana hawa tana sauka kamar harshen mutum, har ta kira sunan ɗan dambe. Shi kuma yana zaune can gefe ana ɗaure masa hannu da zare, da ya ji takensa sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe yana karkarwa, ya shigo fili ya ɗaga hannu yana kirari, yana ambaton garinsu da ubangidansa da waɗanda ya kashe. Ka yi wa baƙinka bayani tun kafin su firgita cewa kisa a dambe shi ne ka kai abokin karawarka ƙasa, ko da hannunsa ne ko gwiwarsa ta taɓa. Turmi uku ake yi, in babu kisa a raba su. Akwai ɓangaren Kudu, da Arewa, da Guramada, kuma 'yan kallo kowa da nasa, za su ji ihun da ba su taɓa ji a gidan rawa ba.

Ga al'adar da ba na so ka manta a nan. Ba a jin kiɗa kyauta. Ka canzo sababbin kuɗi ƙanana ka raba wa baƙinka. In maroƙi ya matso ya fara wasa ka, ya ce ɗan gidan wane, to ka miƙa masa da hannun dama, shi zai ɗaga ya sanar ya yi godiya. Kada ka ba da abin da ya fi ƙarfinka don a gani, kada kuma ka sunkuyar da kai ka yi kamar waya kake dubawa. Waɗannan mutane da abin da aka ba su suke ci da iyali, kuma yawancinsu gadon gidansu ne suke riƙe da shi a lokacin da DJ ya kusa kore su daga gidajen biki. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Da idan za a yi aure a unguwarmu, tun saura mako ake aika wa makaɗa goro, su zo su san dangin ango da na amarya, su saka sunan kowa a waƙa, har kakar da ta rasu a ambace ta a yi mata addu'a. Yanzu yaro ɗaya da kwamfuta da lasifika ya isa, kuma waƙar da ya sa a Gwale ita zai sa a Hotoro, babu sunan kowa a ciki.

Ita baƙuwar taku, ka kawo ta gida wurin Gwaggonka. Da wuya mako ya wuce ba a yi biki a dangi ko a maƙwabta ba. Za a yi mata lalle, a ba ta mayafi, a shiga da ita kamu ko yini. In an yi sa'a gidan masu riƙo da tsohuwar hanya ne, za ta ga kiɗan ƙwarya: a kifa ƙwarya a cikin ruwa, wasu a ƙasa, mata su zauna su kewaye suna bugawa, zabiya na bayarwa ana amsawa, ana habaici ana guɗa. Kai da sauran mazan ba ku da wuri a nan, kada ma ka gwada leƙawa. Ita za ta ga Kanon da ku ba za ku gani ba, kuma ka gaya mata kada ta ɗauki hoton matan aure sai ta nemi izini.

Kiɗan fada kuwa sai an dace. Lokacinsa Sallah: Hawan Sallah, washegari Hawan Daushe, inda Sarki kan je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki a dawo a yi jafi a Ƙofar Kudu, sai Hawan Nasarawa, sannan Ɗorayi a ƙaramar Sallah ko Fanisau a babba. Ka gaya wa baƙinka cewa a Hawan Nasarawa, bayan Sarki ya gaisa da Gwamna, yakan ratsa ta Sabon Gari don 'yan uwansu mazauna can su gan shi su gaishe shi, domin su ma jama'arsa ne. A ƙarshen 2024 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa hawan Kano cikin abubuwan gadon duniya, ga shi kuma a 'yan shekarun nan rikicin sarauta ya sa an sha dakatar da shi. Allah ya daidaita mana. Tunda ba lokacin Sallah za su zo ba, ka leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan da Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko ta farko a nan a 1909. Ka tambayi ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu ko akwai ranar da 'yan rawar Koroso za su yi wasa.

Akwai kuma bandiri a Gidan Ƙadiriyya da ke Kabara, gidan marigayi Shehu Nasiru Kabara, inda Maukibi, jerin gwanon 'yan ɗariƙar, ke tasowa duk shekara. Amma ka ja musu kunne, wannan zikiri ne, ba wasa ba. Malamai sun yi saɓani a kansa, ba zan shiga wannan da kai a takarda ba. In za ku je, a nemi izini, a cire takalmi, a zauna inda aka nuna, ba tafi ba rawa. Gidajen gala kuwa, inda ake rawa a kan dandamali ana liƙi har tsakar dare, in wani ya ba ka shawararsu ka ce Baffanka ya hana.

Da rana ba za ka rasa wurin zuwa ba. Ku hau Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, daga can za su ga Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da abin da ya rage na ganuwa. Ku sauko ku shiga Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau. Ku bi layin dukawa da 'yan turare da masu kayan doki, ka bar su su yi ciniki da kansu, kai dai ka koya musu "albarka" da "sallama". Gidan Makama na nan kusa da fada. A marinar Ƙofar Mata kada ku tsaya a bakin rami kawai kuna kallon baba. Ku ƙarasa wurin mabuga, inda mutum biyu ko uku ke zaune a gaban gungumen itace suna dukan shuɗi da tabarya ta bugu, wannan ya ɗaga wannan ya sauke, ba mai karo da wani, har yadin ya ɗauki ƙyalli. In ƙungiyar ƙwallo ta Kano Pillars na wasa a gida, filin Sani Abacha na nan dab da marinar, ku shiga su ji yadda ake "Sai Masu Gida". Kwari da Dawanau kuma ko a mota ku ratsa, su ga inda atamfa da hatsi ke tashi zuwa Nijar da Chadi.

To bayan Isha'i fa? Abin da suke nema a mashaya, in ka cire kwalbar, zama ne da hira da dariya bayan gajiyar aiki. Mu a majalisa muke samun wannan. Kowace unguwa da tata: tabarma ko benci a ƙofar gida, mutanen da suka shekara ashirin suna haɗuwa a wuri ɗaya, a yi siyasa, a yi ƙwallo, a yi tsokana tsakanin Bakano da Bazazzagi, in wani bai zo ba kwana biyu a tashi a je dubiya, in an yi masa haihuwa a haɗa gudummawa. Ka saya musu tsire da gurasa, a yayyafa mata ruwa a barbaɗa ƙuli da yaji da albasa a zuba man gyaɗa, ko ka aika Agadasawa a kawo kilishi. Mai shayi na kusa. Ka kawo su tamu, ta ƙofar gida. Su yi sallama, su ba manya hannu, kai ka yi tafinta. Akwai tsofaffin 'yan kasuwa a cikinmu da suka yi zaman Legas da Onica, suna jin Yarbanci da Ibo, za su sha mamaki.

Ka kula da dare. Kada ku kai sha ɗaya a waje, kada kowa ya riƙe waya a hannu a bakin titi ko a cikin A Daidaita Sahu, masu ƙwace ba sa tambayar daga ina ka zo. Ka samo mota guda da direban da ka sani, shi zai kai su masauki. Ka gaya wa mazan su bar gajeren wando a otal in za a shiga birni, ranar Juma'a kuma ka tsara fitarku da sanin cewa hanyoyin da ke kusa da masallatai za su toshe daga azahar.

Ranar Juma'ar ma, bayan an sauko, a nan za su ci abinci. Gwaggonka ta ce tuwon shinkafa da miyar taushe za ta yi, da waina, da fura. Ka bincika mini ko akwai wanda ba ya cin yaji ko naman shanu a cikinsu, ka sanar da ni kafin Laraba don a san cefanen da za a yi. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Baffanka.