Tambaya da Amsa: An Sallame Ni Ina Sabon Direba

Tambaya: Malam, wata 4 kacal na yi ina jan tirela, sai kamfani ya sallame ni saboda na goga bodi a bango wajen yin ribas. Ina mafita?

Amsa: Allah ya musanya maka da mafi alheri, ɗan'uwa. Kafin komai, kada fushi ya sa ka yar da motar a hanya. Kai ta garejinsu, ka ɗauki hoton tayoyi, bodi, mitar tafiya da ragowar mai, sannan a sa maka hannu cewa an karɓi makulli. In ba haka ba, sai a zaftare maka albashi kan ɓarnar da ba taka ba.

Nemi takardar sallama mai ɗauke da ranar farawa da ranar tsayawa. Watannin nan jari ne, domin sau da yawa kamfanin inshora ne ke matsa wa masu mota su ɗauki gogagge.

Kada ka bari lasisinka ya mutu. Karɓi aiki ko na gajeren zango ne, ko jera motoci a gareji. A nan hannu ke faɗawa a ribas. Duk sa'ad da ƙarshen bodi ya ɓace a madubi, ja birki, sauka ka duba da idonka. In an tambaye ka dalilin sallama, faɗi gaskiya, don sukan tuntuɓi tsohon kamfani.